Yadda Ake Ɗora Yaro a kan Yufoniyam da Tuba a Makarantunmu na Sudan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar 1 ga Janairu, ranar da Sudan ke tunawa da 'yancin kan da ta samu a 1956, ya ga 'yan badujalar soja ko na 'yan sanda suna wucewa, ya san akwai wani sauti mai kauri da yakan riga kunne isa ƙirji. Sautin nan daga manyan ƙahonin tagulla na layin baya yake fitowa, wato tuba da ƙanenta yufoniyam. Taken ƙasar nan kansa, wanda Ahmad Murjan, mutumin badujalar soja, ya tsara wa kiɗa, idan aka busa shi babu waɗannan ƙahoni sai ka ji shi tamkar miyar da aka manta ba a sa mata daddawa ba. Duk da haka, idan makaranta ko ƙungiyar matasa ta sami ɗan abin hannu, turampet da ganguna take saye, babban ƙahon kuwa a bar shi a ɗakin ajiya ƙura tana cinsa, ko a miƙa shi ga yaron da aka ga ya kasa komai. Na koyar da busa a Umdurman shekaru da dama, tun bayan da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 kuma nake ci gaba da 'yan kayan da suka tsira a nan Kasala, don haka abin da zan faɗa na malamin da ke da kaya kaɗan da yara da yawa ne.

Ya kamata malami ya fara sanin abin da yake riƙe da shi. Sunan tuba ba shi da dangantaka da tubar da muka sani ta komawa ga Allah. Kalmar Latin ce da Rumawan da suke kiran doguwar begilarsu ta yaƙi da ita. Tubar zamani an yi mata rajista a Balin ta Jamus ranar 12 ga Satumba, 1835, da sunan Wilhelm Wieprecht, shugaban badujala a Furusiya, da maƙerin kayan busa Johann Gottfried Moritz. Yufoniyam ya biyo baya a 1843 daga hannun Ferdinand Sommer na garin Weimar, sunansa kuma daga Girkanci yake, ma'anarsa mai daɗin murya. Dukansu bututu ne na tagulla da aka naɗe, wanda ke ƙara faɗi kaɗan-kaɗan tun daga inda ake sa baki har zuwa mazurarin da sauti ke fita, wannan faɗaɗar ce kuma ke ba su taushin murya da turombon ba shi da shi. Idan aka warware yufoniyam, tsawonsa kusan mita 2.7 ne. Ana kiran kowace tuba da sunan sautin da take bayarwa idan ba a danna komai ba, daga cikin sunayen sautukan kiɗa do, re, mi, fa, sol, la, si, kalmar bemol kuma na nufin sautin ya ɗan sauka ƙasa. Babbar tuba ta si bemol ta ninka yufoniyam, wajen mita 5.5, shi ya sa muryarta take ƙasa da tasa da cikakken tsani guda, wato tazarar da ke tsakanin do da do ta gaba. Akwai ta do mai kusan mita 4.9, da ta mi bemol mai wajen mita 4, da ta fa mai kusan mita 3.7, amma a badujalar makaranta ta si bemol da ta mi bemol ne aka fi cin karo da su.

Ba na wahala wajen fahimtar da yaran Hausawa wannan ƙa'ida ta tsawo da kaurin murya, domin tana cikin gidansu. Kakakin da kakanninmu suka baro a fadojin Sakkwato da Kano, kafin da bayan hijirar da ta kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da leɓe ake kaɗa shi, ba shi da rami ko maɓalli, sauti biyu ko uku kawai yake bayarwa. Haka nan waza ta mutanen Barta a kudancin Shuɗin Nilu: ƙahoni ne na duma masu tsawo daban-daban, kowane mabushi da nasa sautin, mafi tsawo shi ne mafi kauri. Tuba dai kakaki ce da aka naɗe aka sa mata bawul, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa, kowane bawul kuma idan an danna shi yana buɗe wa iska wata ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, murya ta sauka. Yaron da ya gane wannan a ranar farko ba zai ɗauki yatsunsa a matsayin haddar da ba ta da dalili ba.

Batun wanda za a ba ƙahon shi ne inda na fi saɓa wa abokan aikina. An saba duba jiki, a ce wane ƙato ne, shi ya dace da tuba. Ni kunne nake dubawa. Ina rera gajeriyar waƙa in ce yaro ya maimaita, sannan in tafa wani salon kiɗa in ce ya mayar mini, wanda ya riƙe murya daidai kuma bai yi gaggawa ba shi nake so a layin baya, domin duk sauran mabusa a kan sautinsa suke daidaita nasu, idan ya karkace kowa ya karkace. Abu na biyu shi ne haƙora: a bari sai haƙoran gaba na girma sun fito sun zauna, wato daga shekara 9 ko 10. A wannan shekarun yufoniyam nake ba shi, mai nauyin kilo 4 zuwa 5, ko baritan, wanda tsawonsa da yatsunsa duk ɗaya ne da na yufoniyam sai dai bututunsa ya fi siranta. Cikakkiyar tuba takan kai kilo 10 ko fiye, sai yaro ya kai 12 ko 13 nake mayar da shi kanta. Wannan sauyi ba ya cin lokaci, tunda yatsun tubar si bemol su ne na yufoniyam ba tare da bambanci ba. Iska kawai zai ƙara, ya kuma saki leɓe.

Mata ma suna busawa, kuma suna yi da kyau. Akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da mahaifinta ya rako ta da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce mini, "Malam, wannan tulun ƙarfen ba zai ja mata ciwon ƙirji ba?" Na ce, "Alhaji, bismillah ka shigo ka zauna, ka ga darasin da idonka." Ya zauna a kan benci har muka gama, ya ga yawancin aikin numfashi ne da rera waƙa, ya ga ƙahon a kan cinya yake zaune ba a wuyanta ba. Da zai tafi ya ce da ita, "To, uwata, ki riƙe abin da Malam ya ce." Tun daga ranar na ɗauki al'adar gayyatar iyaye darasin farko, kuma wanda ya ce bai amince ɗansa ya shiga harkar kiɗa ba, ina girmama maganarsa, ba na ja da shi.

Darasin farko ba a taɓa ƙaho. Yaro ya zauna a gaban kujera, bayansa a miƙe ba tare da ya sandare ba, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ka ce masa ya buɗe baki kamar zai ce "ho", ya ja iska a hankali kana ƙirga huɗu, ya sake ta kana ƙirga huɗu, kafaɗunsa kada su ɗaga zuwa kunnuwa, haƙarƙarinsa da cikinsa su buɗe da kansu. Bayan nan ka nuna masa bambancin iska biyu. Akwai iskar da ake hura wa shayi mai zafi, siririya mai sauri, akwai kuma wadda ake huci da ita a kan madubi don ya yi raɓa, mai ɗumi da faɗi. Ta biyun ita ce abincin tuba. Babban ƙaho yana shan iska mai yawa amma ba ya son matsi, akasin turampet mai shan kaɗan da matsi mai ƙarfi, kuma yawancin mummunan sautin da ake ji daga masu koyo daga nan yake: suna ƙulle maƙogwaro suna yunƙuri kamar masu ɗaga buhun dawa. Arnold Jacobs, wanda ya riƙe kujerar tuba a babbar ƙungiyar kiɗa ta Chicago daga 1944 zuwa 1988, ya gina koyarwarsa a kan abu biyu, waƙar da mabushi ke ji a kansa da iskar da ke ɗauke da ita, alhali shi kansa yana fama da asma. Ka sani kuma cewa jiri zai kama yara a makonnin farko saboda yawan shaƙa da fitarwa. Wanda ya ce kansa na juyawa, ya dakata ya yi numfashinsa na kullum na minti ɗaya ko biyu, kada a tilasta masa.

Daga nan sai leɓe. Yaro ya ce "mm" ya bar leɓɓansa a haɗe haka, haƙoran sama da na ƙasa a rabe kamar faɗin ɗan yatsa, gefen baki biyu a riƙe, tsakiya a sake, sannan ya hura har leɓɓan su yi rawa kamar na doki idan ya yi firji. Idan wannan ya samu, ka ba shi bakin busa shi kaɗai, wato ɗan kofin ƙarfen da ake cusawa a bututu, ya ɗora shi a tsakiyar baki, leɓen sama ya ɗan fi na ƙasa shiga ko su yi daidai. A nan ne wani abu namu yake shigowa wanda littattafan Turai ba su san da shi ba. Yaranmu sun ga mai algaita yana cika kumatu kamar zai fashe, wasu sun ɗauka haka ake kowace busa. Mai algaita yana da dalilinsa, domin kumatunsa ne rumbun iskar da yake turawa yayin da yake shaƙa ta hanci, shi ya sa sautinsa ba ya yankewa. A yufoniyam da tuba kuwa cika kumatu yana sakin gefen baki, sautin ya baje ya rasa tsakiya. Madubi ɗan ƙarami a jingine a kan tebur ya fi faɗa aiki; yaro ya kalli kansa, shi zai gyara. Ka kuma hana shi danna ƙarfen a kan leɓe da ƙarfi. Idan ya cire ka ga jan zobe mai zurfi da ya daɗe bai baje ba, matsin ya yi yawa.

Sai a mako na biyu nake haɗa yaro da ƙahon. Ƙa'idar riƙo guda ce: ƙaho ne ke zuwa wurin baki, baki ba ya bin ƙaho. Yufoniyam yana kwanciya a jikin mabushi, hannun hagu ya rungume shi, yatsu uku na dama su zauna a kan maɓallan a lanƙwashe kamar an riƙe lemo. Idan bakin busa bai kai ba, a naɗe tawul ko tsohon zane a sa a cinya. Tuba kuwa ta zauna a kan kujera tsakanin cinyoyi, ko a kan ɗan benci a gaban yaro, idan ta fi shi tsawo a ɗaga mazauninsa da matashi. Yaron da ya saba sunkuyawa ko miƙa wuya a watan farko, zai shekara yana fama da ciwon baya da ƙuntataccen numfashi.

Sautin farko a yi shi ba tare da danna komai ba. Yawancin yara fa ce ke fito musu, wasu kuma si bemol ta ƙasa; duk wadda ta zo a karɓa, a riƙe ta tsawon ƙirga huɗu, a huta huɗu, a sake. Don fara sauti da tsabta, harshe yana taɓa bayan haƙoran sama ya sauka, kuma ba mu da buƙatar aro, kalmar "to" da muke faɗa kullum ita ce daidai: harshen ya buɗe hanya, bakin ya zauna a zagaye. Idan ana son farawa mai laushi sai a ce "do". Abin da za a kiyaye shi ne kada yaro ya rufe sautin da harshe, ya zama "tot". Iska ce za ta tsaya da kanta.

Bawul na farko yana saukar da murya taki guda, wato tazarar da ke tsakanin do da re, na biyu rabin taki, na uku taki ɗaya da rabi. Da wannan ake hawa tsanin si bemol: si bemol a buɗe, do da na ɗaya da na uku, re da na ɗaya da na biyu, mi bemol da na ɗaya, fa a buɗe, sol da na ɗaya da na biyu, la da na biyu, sai si bemol ta sama a buɗe. Littattafan da ake kawowa daga waje da wannan tsani mai hawa bakwai suke farawa, amma ni ba da shi nake farawa ba. Kiɗan tsakiyar Sudan a kan tsani mai hawa biyar yake, wanda malamai a nan ke kira sullam khumasi, yawancin waƙoƙin gaɗa da na raino na Hausa ma a kansa suke tafiya. Idan aka cire mi bemol da la, abin da ya rage shi ne si bemol, do, re, fa, sol, kuma salon yatsu uku kacal yake buƙata: a buɗe, ɗaya da uku, ɗaya da biyu. Cikin wata guda yaro zai iya busa waƙar da kakarsa ke yi masa, kuma saboda ya san waƙar tun yana goye, kunnensa zai gaya masa inda ya kauce tun kafin malami ya buɗe baki. Tsarina kullum shi ne a rera da baki, a busa a bakin busa shi kaɗai, sannan a busa a ƙaho. Wanda ya kasa rera layi, ba na barinsa ya danna maɓalli, domin ƙahon tagulla ba kamar garaya ba ne da yatsa ke nuna wurin sauti. Salon yatsu guda yana iya fitar da sauti biyar ko fiye, leɓe da kunne ne ke zaɓa.

Wannan ya kawo mu ga atisayen da ba na yarda a tsallake ko da rana ɗaya. Na farko dogon sauti: a riƙe sauti guda tsawon ƙirga takwas, daga baya goma sha biyu, ba rawa, ba raguwa a ƙarshe. Na biyu zamiyar leɓe: daga fa a sauka si bemol a koma fa ba tare da harshe ko sauya yatsa ba, sannan a maimaita da bawul na biyu, da na ɗaya, da ɗaya da biyu, har a ƙare. Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai, domin naman leɓe ƙanana ne, suna gajiya da wuri, kuma abin da aka koya a gajiye karkatacce ne. A watan azumi nakan rage busa ga manyan yara masu azumi saboda bushewar baki, mu ba karatun nota, wato rubutun kiɗa, da tafi da rera waƙa ƙarfi.

Karatun nota yana da wani tarko da ya kamata malami ya sani tun da wuri. A yawancin duniya ana rubuta wa tuba da yufoniyam da mabuɗin fa, wato alamar farkon layi da ke nuna yadda za a karanta sautuka masu kauri, sautin da aka rubuta shi ne wanda ke fita. A tsarin badujalar tagulla ta Ingila kuwa, da mabuɗin sol ake rubuta musu kamar turampet, ta yadda a ƙahon si bemol, abin da mabushi ke kira do, si bemol ce ke fita. Tsofaffin takardun da ke yawo a hannun malamai a nan suna zuwa da kowanne daga cikin biyun, don haka a duba kafin a raba wa yara. Shawarata ita ce a fara da mabuɗin fa, wanda da shi ɗalibi zai ci gaba idan Allah ya kai shi Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, wadda ta samo asali daga cibiyar da aka buɗe a 1969. Sai dai yaron da aka ɗauko daga turampet, a bar shi da mabuɗin sol na ɗan lokaci, tunda yatsunsa ba za su sauya ba.

Bayan 'yan watanni, ɗalibi mai kunne zai zo ya ce do ta ƙasa ba ta zauna masa daidai ba, ta ɗan haye. Gaskiyarsa ce, kuma laifin na lissafi ne. Saukar da murya rabin taki yana buƙatar ƙarin kusan kashi 6 cikin 100 na tsawon bututu. A yufoniyam mai mita 2.7, wannan wajen santimita 16 ke nan, kuma haka aka yanka bututun bawul na biyu. Amma idan an riga an danna na ɗaya da na uku, bututun ya kai wajen mita 3.6, rabin taki a nan yana son kusan santimita 22, bawul na biyu kuwa 16 ɗin nan dai yake da su. Saboda haka duk lokacin da aka haɗa bawul da yawa sai sautin ya haye sama, mafi muni idan an danna duka ukun. Maganin masu bawul uku shi ne a ɗan zaro bututun na uku, yaro kuma ya koyi sassauta leɓe ya saukar da sautin. Bawul na huɗu, wanda ke saukar da murya taki biyu da rabi, yana maye gurbin ɗaya da uku da sauti mafi daidai. A shekarun 1870 David Blaikley na kamfanin Boosey a Landan ya ƙirƙiro tsarin da ke ƙara ɗan bututu da kansa idan an haɗa bawul, wanda har yau manyan yufoniyam ke amfani da shi, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin makaranta, mai koyo kuma ba ya buƙatarsa.

Zafinmu ma yana taɓa daidaiton murya. Ana ƙera waɗannan ƙahoni ne a auna su a ɗaki mai sanyin digiri 20 ko kusa da haka, mu kuwa a watan Mayu muna busa a digiri 40 ko fiye. Sauti ya fi gudu a iska mai zafi, don haka muryar ƙaho takan haye sama, tuba kuma ta fi kowa jin wannan saboda yawan iskar da ke cikinta. A zaro babban bututun daidaitawa fiye da yadda littafi ya ce, a kuma auna da manhajar daidaita sauti ta waya bayan an busa na minti biyar. Kada a bar ƙaho a rana ko a cikin rufaffiyar mota. Bakin busa na ƙarfe da ya sha rana yana iya ƙona leɓe. Na roba ya fi dacewa da fareti, ga shi da araha, kowane yaro yana iya mallakar nasa ko da ƙahon na tarayya ne. Inda dole a yi tarayya a bakin busa, a wanke shi da sabulu tsakanin yaro da yaro, wanda farin rufinsa ya goge har tagulla ta bayyana kuma a daina sa shi a baki.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar bawul. Tazarar da ke tsakanin fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bawul, da gidansa ba ta kai kaurin gashi ba, ƙwayar yashi guda da guguwar ƙura ta habub ta shigo da ita tana iya karce shi. A goge fistan da ƙyalle mai laushi marar gashi kafin a ɗiga masa mai, domin mai a kan ƙura gari ne na goge ƙarfe. A fitar da fistan ɗaya-ɗaya. Kowanne yana da lambarsa, 1 ko 2 ko 3, da ɗan haƙorin da ke shiga tsaginsa, idan aka musanya su ko aka juya iska ba za ta wuce ba, yaro ya ɗauka ƙahon ya lalace. Man bawul na ainihi siriri ne kamar ruwa. Man gyaɗa da man riɗi suna daskarewa su yi danƙo, man inji kuma ya yi kauri, kada a kusance su. Idan an rasa gaba ɗaya, ɗigon man keken ɗinki zai riƙe ka na 'yan kwanaki. Bututun zarewa kuwa basilin ya ishe su. Ruwan da ke taruwa a ciki yawancinsa raɓar numfashi ce, a buɗe ɗan maɓallin zubarwa a hura shi waje bayan kowane darasi. Yara su kurkure baki kafin busa, musamman bayan shayi ko karkade mai sukari, domin sukarin yana bin iska ya manne a bawul. Duk bayan wata biyu ko uku a kwance ƙahon a wanke cikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke. Ruwan zafi yana ɓare fentin da ke sa shi ƙyalli.

Akwai kuskuren da na yi da hannuna wanda ba na so wani ya maimaita. Wani ɗalibi ya buga bakin busa da tafin hannu don jin ƙarar da yake yi, ya maƙale. Na ɗauko filaya na murɗa, bakin bai fita ba, sai siririn bututun da ke riƙe da shi ya murɗe ya ɓalle daga likinsa. Yufoniyam ɗinmu guda ya yi wata biyu a ajiye kafin wani dattijo mai gyaran lagireto ya like mana shi da dalma a kan ƙaramar wuta. Akwai ɗan ƙarfe na musamman da ake zare maƙalallen baki da shi, wanda ya kamata kowace makaranta ta mallaka. Idan babu, a ɗiga mai a mahaɗar, a naɗa ƙyalle mai ƙanƙara a jikin bakin busan don ya ɗan tsuke, a ƙwanƙwasa gefen a hankali da katako, a yi haƙuri. Tun farko dai a koya wa yara cusa shi da 'yar murɗa kaɗan, ba bugu.

Wanda zai sayi ƙaho, ko ta hannun ɗan'uwa a Alƙahira ko Jidda, na hannu mai lafiya daga kamfani sananne ya fi sabo marar suna. Yamaha YEP-201 mai bawul uku da YEP-321 mai huɗu sun daɗe suna hidima a makarantu, haka ƙaramar tubarsu YBB-105, kayan Besson da Jupiter ma suna da ƙarko. A gwada abu uku. A zaro bututun wani bawul ba tare da danna shi ba, idan ya yi ƙarar "fop" to iska ba ta zurara. A duba bututun farko ko akwai jajayen ɗigo-ɗigo, alamar tagullar ta fara ruɓewa daga ciki. A tabbatar kowane bututun zarewa yana motsi. Lotsawa a mazurari ba ta da illa sosai, amma lotsawa a gidan bawul ko a siririn bututu dalili ne na fasa ciniki.

Inda ƙaho ɗaya ne yara goma, kada sauran su zauna suna kallo. A yanko tiyon ruwa mai tsawon mita 2.7, a cusa bakin busa a gefe guda, mazurarin roba na zuba mai a ɗaya gefen. Zai ba da sautuka kusa da na yufoniyam a buɗe, ya isa a yi dogon sauti da zamiyar leɓe da harshe, yatsu kuma a yi su a kan tebur yayin da mai riƙe da ƙahon ke busawa. Da haka na riƙe aji guda a shekararmu ta farko a Kasala, ana karɓa-karɓa duk minti biyar.

Idan an zo haɗa badujala, kada a yi rowar layin baya. Cikakkiyar badujalar tagulla ta Ingila mai mabusa 25 tana da yufoniyam biyu, baritan biyu, tubar mi bemol biyu da ta si bemol biyu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, ban da turombon uku. Makaranta ba za ta kai haka ba, amma turampet takwas a kan tuba ɗaya ƙara ce kawai za ta fito. Wajen daidaita murya a fara da tuba, yufoniyam ya hau kanta, sannan sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sauraron na ƙasa da shi. Kuma kada a ɗaure masu manyan ƙahoni a kan sauti biyu na rakiya shekara da shekaru, domin wannan ne ke sa su gudu. Tun a 1954 Ralph Vaughan Williams ya rubuta wa tuba doguwar waƙa da take jan gaba a cikinta, aka fara busa ta a Landan. A kowane taron ƙarshen zango nakan ware baiti guda da turampet za su yi shiru, yufoniyam ya ɗauki waƙar, tuba ta amsa masa kamar yadda 'yan amshi ke yi wa zabiya. A shirya wannan baitin tun makonni shida kafin taro, a rubuta wuraren shan iska da fensir a kan takardar kowane yaro, a kuma zaunar da masu tuba inda mazurarinsu ba zai fuskanci bango ba.